Masu ɗinka 'yan tsanan hannu da manyan da ke neman abokan ƙuruciyarsu

Shagona yana cikin garin Kaduna, ni da yara uku masu koyon aiki, kuma sana'armu ita ce ɗinka 'yan tsana irin waɗanda ake zura hannu a cikinsu a motsa musu baki. Asalina tela ce mai ɗinkin kayan yara, na kuwa shiga wannan fanni ne lokacin da wata makarantar nazire ta nemi in yi mata 'yan tsanan koyar da haruffa. Da farko na zaci makarantu ne kaɗai za su riƙa ciniki da ni, sai ga magidanta da iyaye mata 'yan shekara arba'in zuwa hamsin suna sallama a bakin shago, kowa da hoto a wayarsa.

Waɗannan su ne yaran da suka taso a shekarun 1980, lokacin da tashar NTA ba ta buɗewa sai wajen la'asar, yaran unguwa su taru a gidan da ke da akwatin talabijin suna jiran Sesame Street, shirin da aka fara a Amurka a 1969, ko kuma The Muppet Show da aka shirya a Ingila daga 1976 zuwa 1981. Ni ma a cikinsu nake, kuma da yawanmu ba mu jin Turancin da ake yi, amma mun san halin kowace 'yar tsana tamkar maƙwabciyarmu.

Wata rana wani ma'aikacin gwamnati ya shigo, ya miƙo mini wayarsa da hoton Kermit, kwaɗon nan na shirin The Muppet Show, ya ce, "Hajiya, wannan nake so ki yi mini, sak ba ragi ba ƙari." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan yana da masu shi, kamfanin Disney ne ya sayi haƙƙinsa tun 2004, kuma ba na kwafar kayan wani in sayar. Amma zauna ka faɗa mini abin da kake tunawa da shi." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce yadda yake karkata kai idan an ba shi mamaki, da yadda bakinsa ke tattarewa idan ransa ya ɓaci. Bai ambaci launi ba, bai ambaci girma ba. Tun daga ranar na gane cewa motsi da kallo su ne suka zauna a zukatan mutane, kuma a nan ne aikina yake.

Saboda haka kai ne ke cin rabin lokacinmu. Muna yanka soson katifa siriri, mu haɗa shi da gam ya zama ƙoƙon kai, sai mu yi farantin baki da kwali mai ƙarfi da za a lanƙwasa biyu, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa. Idan farantin ya yi tauri da yawa baki zai riƙa kaɗawa kamar murfin tukunya, idan ya yi laushi kuma ba ya rufuwa. Yadin da ake lulluɓewa da shi, mai gashi ko mai laushi irin na rigar sanyi, daga Kantin Kwari na Kano nake sarowa, kuma ɗinkin fuska da allurar hannu ake yinsa, ba da keke ba, domin sawun zare ya ɓace a cikin gashin yadin. Hannuwa kuwa siririyar sandar ƙarfe ake maƙala musu.

Ido shi ne ƙarshe, kuma ba na barin ɗan koyo ya taɓa shi. Nakan ɗora idanu biyun da fil, in ja da baya in duba, in matsar da baƙin kamar ƙwayar gero zuwa ciki, har sai na ji 'yar tsanar ta dube ni. Kafin wannan lokacin tsumma ne da soso kawai. Nakan gaya wa yarana cewa Jim Henson, Ba'amurken da ya ƙirƙiro Kermit, ya ɗinka na farko a 1955 da tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa da ƙwallon tebur da ya raba biyu ya yi idanu, don su daina ɗora laifi a kan rashin kayan waje.

Wahalar sana'ar ita ce tsadar soso da yadi, da kuma mai saye da ke kwatanta aikin kwana huɗu da 'yar tsanar roba ta kasuwa. Matasan iyaye kuma 'yan tsanan nan Zobi da Kami suke tambaya, na shirin Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011, su ma amsa ɗaya nake ba su: ba na kwafar kayan wani.

Shi wancan ma'aikacin gwamnati mai neman Kermit, ƙadangare na yi masa mai jan kai, da hula zanna da 'yar shara. Da ya zo karɓa ya zura hannu, ya karkata masa kai gefe guda, ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya tambaye ni ko zan iya yin ƙarami daidai hannun 'yarsa mai shekara shida.