Kafin ku tura takardar neman gurbi a ilimin halayyar ɗan Adam

Ƙannena, lokacin da na fara neman digiri na uku a ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, sunan jami'a na bi. Na zaɓi fitattu, na aika musu bayani iri ɗaya cewa tun ina ƙarami nake son taimakon mutane. Babu wadda ta kira ni hira.

Abin da ban sani ba shi ne, a yawancin sassan nan farfesa guda ne ke zaɓar ɗalibin da zai yi bincike a ƙarƙashinsa. In malamin da aikinsa ya dace da naku ba ya ɗaukar ɗalibi a shekarar, kyawun sakamakonku ba zai yi muku amfani ba. Don haka ku fara da mutum. Ku karanta maƙalolinsa na baya-bayan nan, ku aika masa gajeriyar wasiƙa tun watan Satumba, ku tambaye shi ko yana da gurbi. A bayaninku kuma ku faɗi tambayar da ta dame ku, da binciken da kuka taɓa yi da hannunku, ko da na kammala digiri na farko ne. Suna duba ƙididdiga sosai, ni kuwa da ita na yi sakaci a jami'a, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Wasiƙun shaida uku aka fi nema. Na bi babban suna, na roƙi farfesan da bai san ni ba. Ƙaramin malamin da ya duba aikina da kansa da ya fi shi abin faɗa.

Ga inda nake so ku nutsu. Karatun bincike daban, izinin duba marasa lafiya daban. In aikin asibiti kuke so a Amurka, ku tabbata ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wato APA, ta amince da shirin, domin jihohi ne ke ba da lasisi kuma da yawansu suna duba hakan. PhD galibi tana zuwa da yafe kuɗin makaranta da ɗan alawus, PsyD kuwa, wato digiri na uku da ya fi karkata ga aikin asibiti, yawanci ɗalibi ne ke biya. Akwai shekarar horo a asibiti kafin a gama, kuma asibitocin tsofaffin sojoji 'yan ƙasar Amurka kaɗai suke ɗauka. A Birtaniya, hukumar lafiya ta NHS ce ke ɗaukar nauyin yawancin guraben digirin asibiti, saboda haka sai mai izinin aiki a ƙasar. Baƙo ya kan biya da aljihunsa a 'yan wuraren da ke karɓarsa. Kafin nan ma sai ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, wato BPS, ta yarda da digirinku na farko. Ku tambayi hukumar ƙasar da za ku yi aiki a cikinta ko tana karɓar wannan shaida.

Lokaci ma ya cuce ni. Shirye-shirye da yawa a Amurka suna rufewa 1 ga Disamba, ga jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS, ga tantance takardu da ke cin makonni. Tun 2020 sassa da dama sun daina neman GRE, wato jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, sai ku duba kafin ku biya. In an ba ku gurbi da tallafi, yawancin jami'o'i ba za su tilasta muku amsa ba kafin 15 ga Afrilu. Ku yi amfani da wannan tazara ku yi magana da ɗaliban farfesan, ku ji yadda yake riƙe su.