Abin da aikin taswirar ƙasa ya koya mini a jihar Maradi

Tsarin da aka koya mana na ƙiyasta amfanin da ƙasa ke bayarwa kyauta mai sauƙi ne. A raba taswira kashi-kashi: daji, gona, makiyaya, fadama, gari. A yanka wa kowane kashi kuɗi a kan hekta ɗaya, sannan a hasaso yadda za su sauya nan da shekara ashirin. Duk inda daji ya koma gona, kwamfuta ta rubuta asara.

A nan wannan lissafin yana tuntuɓe. Wanda ya taka gonakin Ɗan Saga a yankin Agye ya san gona suna ce ta tara. Tun 1983 da Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, ya fara aiki da manoman Maradi a kan barin tohon kututture lokacin sassabe, a rage masa rassa ya zama itace, an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne a tsakiyar rani. Kalgo da sabara suna tare iskar da ke binne shuka da rairayi, mata su samu itacen girki kusa da gida. A taswira kuwa, wannan gona da wadda aka share ƙarƙaf launinsu ɗaya, farashinsu ɗaya. Ni a wurina nan ne babban giɓin yake.

Asarar da ba ta dawowa tana inda ake yanka filaye a gefen birni. Mai gona ya karɓi kuɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba, yana da bakunan ciyarwa. Amma ruwan da ƙasar ke shanyewa sai ya koma bin titi, kuma ba a sa wannan cikin ciniki. Haka Gulbin Maradi: tun da aka yi madatsar Jibiya a jihar Katsina ambaliyar da ke jiƙa fadama ta ragu, masu lambu suna ƙara zurfin rijiya.

Can arewa kuma, dokar 1961 ta shata iyakar noma, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta a wajen Dakoro. Idan gona ta ci burtali, lissafi na nuna ƙarin damman hatsi, makiyayin da hanyarsa ta toshe bai fito ko'ina ba.

Shi ya sa yanzu kafin in sa wa fili farashi nake ƙirga itatuwan da ke cikinsa, in tambayi mai gari da hukumar filaye su wa ke shiga bayan girbi, da abin da suke ɗebowa.