Jarkar Ruwa a Bayan Mota

Ranar Asabar da ta wuce na shiga gidan ƙanena a Unguwar Rimi da ke Kaduna, na tarar da babban ɗansa ya buɗe gaban jif ɗin gidan, ƙirar Toyota Highlander, yana fasa ledar fiya wata da haƙori yana ɗura wa lagireto. Leda 6 na ƙirga a ƙasa. Da na tambaye shi tun yaushe motar take shan ruwa haka, sai ya ce, "Baffa, ɗan yoyo ne kawai, kullum da safe ina cikawa." A cikin wannan motar yake shirin kai mahaifiyarsa da ƙannensa biki Zariya. Maganar ta tsaya mini a rai, domin da bakina na taɓa faɗin irinta.

Tawa jif ɗin 'yar Beljiyam ce, kuma kamar yawancin motocin zamani, cikin lagiretonta alminiyam ne, tankin sama kuwa roba ce da aka ɗame a kansa. Robar nan zafi ne yake cinye ta a hankali har ta tsage. Tawa ta tsage kusa da wuyan murfi. Bakanike ya ce a canja, ni kuma na ce a liƙe da gam. Ba rowa ba ce ta sa, ko kuwa in ce ba rowa kaɗai ba ce, domin a lokacin kuɗin makarantar yara 3 yana kaina, albashi kuma ya makara. Duk wanda ya riƙe gida ya san cewa idan aka jera buhun shinkafa da lagireto, shinkafa ce za ta shiga gida. Sai dai gaskiya ɗaya ce: bayan albashin ya shigo ban koma wurin bakaniken ba.

Gam ɗin ya riƙe mako 2 ya saki, daga nan jarka ta zama 'yar gida a bayan motar. Ruwan rijiya nake zubawa, ina yi wa masu sayen ruwan lagireto mai launi dariya, wai suna biyan kuɗin kala. Ashe shi ne yake hana tsatsa, yake kuma jinkirta tafasa, yayin da ruwan rijiya yake barin ƙasa-ƙasa da ke toshe siraran hanyoyin da ruwan yake bi. Ban kuma san amfanin murfin ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi a ciki ta yadda sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa, kuma lagireton da ya tsage ba ya riƙe wannan matsin. Na ƙara da barin wani ya cire mini tamostat, wato ɗan abin da ke tare ruwa har sai injin ya ɗauki zafin da ya dace, bisa hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne. A nan ba ni kaɗai ke da laifi ba, tunda rabin garin nan haka suke faɗa, amma cire shi bai toshe tsagar ba, mai kawai ya ƙara sha.

Abin ya same ni a watan Afrilu, cikin tsananin zafin bazara, ina ɗauke da iyalina da surukata a hanyar Zariya. Muna wuce Maraban Jos allurar zafi ta fara hawa, maiɗakina ta ce tana jin ƙauri, na ce mata mu dai kai Jaji. Ba mu kai ba. Da motar ta tsaya sai na sa tsumma na murɗe murfin, tafasasshen ruwa ya yi tsiri ya kama mini tsintsiyar hannu, tabon yana nan har yau. Ban daddara ba, na juye jarkar ruwan sanyi a cikin injin da yake wuta. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Janwe ya dawo da mu Kaduna, bayan surukata ta yi awa 3 a gindin bishiya ba ta ce mini uffan ba. Kuɗin da na kashe ya isa sayen lagireto da yawa, amma shirun nan nata ya fi kuɗin ciwo.

Na yi niyyar zaunar da yaron in jero masa bayani dalla-dalla, sai na ga rabin hankalinsa yana kan waya. Yaran yanzu sun san sunan kowace mota da kuɗinta a intanet, amma ba su san abin da allura ɗaya take nufi a gabansu ba. Saboda haka na taƙaita, kuma ku ma masu karantawa abin da zan ba ku ke nan.

Motar da take neman ruwa kullum yoyo take yi, a nemo wurin. Idan tankin roba ne ya tsage, a canja lagireton gaba ɗaya, a haɗa da sabon murfi, a matsa tiyo a ji ko ya yi laushi, a tabbatar fanka tana tashi. Idan giyar motar otomatik ce, a lura da bututun man giya da ke ratsa lagireton, kada a ɗaura su sakaka. Idan allura ta hau, a tsaya nan take, kada a taɓa murfin sai injin ya huce sarai. Kada ku yarda da duk abin da bakanike ya faɗa, ko da yake ni ƙin jin maganar bakanike ne ya kai ni ga janwe, don haka wannan ku auna da kanku. Jarka kuwa, na ce a jefar da ita, amma har yau akwai guda a bayan motata, kuma ba zan hau hanyar Zariya ba tare da ita ba.

Yaron ya ce, "To Baffa, in mun dawo sai a duba." Na zare makullin daga hannunsa, na ba shi na motata, na kira mahaifinsa na ce ya same ni a kasuwar Panteka ranar Litinin da safe.