Biza ta fito: godiya ga Allah da ga waɗanda suka riƙe mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi Rabbil alamin. Biza ta fito, tawa da ta Abban yara da ta yaran gaba ɗaya. Saƙon ya shigo ranar Alhamis bayan la'asar, kuma tun daga nan ba abin da nake yi sai barci. Ashe gajiyar tana nan a ajiye, jira take hankali ya kwanta ta sauko. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa, wallahi ba wulaƙanci ba ne.

Ba zan sake jan labarin ba, kun bi shi tun ranar da muka je aiki muka tarar manaja ta tara mu a ɗakin cin abinci kan maganar soke lasisin kamfanin da ya ɗauko mu aikin kula da tsofaffi a Ingila. Abu ɗaya kawai zan gyara, saboda har yanzu a gida akwai masu tambayar Umma a asirce wai me na yi aka nemi korata daga Ingila. Ban yi komai ba. Bizar ma'aikatan lafiya da kula da tsofaffi a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauko mutum. Shi ke da lasisi, shi ke ba da takardar ɗaukar nauyi, wadda duk muka fi sani da CoS. Ranar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta soke lasisinsa saboda laifin da shi ya aikata, ma'aikaci ne ke samun wasiƙa cewa an rage masa izinin zama zuwa kwana 60: ko ya sami wani mai lasisi ya ɗauke shi, ko ya tattara. Mata da miji da 'ya'yan da ke ƙarƙashin bizarsa, duk wasiƙar ta haɗa da su. Gwamnatin Birtaniya da bakinta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, masu ma'aikata fiye da 39,000 a ƙarƙashinsu. Mu namu ya zo ne bayan an rufe wancan lissafi. Don haka don Allah a bar Umma ta huta.

Wadda zan fara da ita ta hana ni ambatonta, har da rantsuwa. Hajiya, ki yafe mini, ba zan iya ba. Duk Bahaushen da ke Manchester ya san wa ake nufi idan aka ce Hajiyar Kumasi, uwar adashenmu.

Lokacin ƙarshen wata ya matso, kuɗin haya ya taso, albashina na ƙarshe bai shigo ba, kuma abin da Abban yara ke samowa a aikin dare na sito bai kai ya rufe haya da wuta da abinci ba. A kan bizarmu a rubuce yake cewa ba mu da haƙƙin tallafin gwamnati, ba ƙofar da za a ƙwanƙwasa ta nan. Ana cikin haka wani dillali ya samo lambata, ban san wa ya ba shi ba. Muryarsa a sanyaye, yana ta "'yar'uwa, 'yar'uwa", ya ce yana da CoS a hannu, fam 10,000, a ba da rabi yanzu. Daren nan ina kwance ina jin Abban yara a kicin ya rage murya yana magana da ƙaninsa a Kano kan nawa filinmu zai yi idan aka sa shi a kasuwa da gaggawa. Filin da muka saya tun ina aikin asibiti a gida, da kuɗin kwanan asibiti da na karɓar haihuwa. Da na tashi shan ruwa sai na ga babbar 'yata zaune a kan matakala cikin duhu, ta ji komai. Ta ce, "Mami, in mun koma, zan rubuta jarrabawar tawa a can?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. A duk abin da ya faru, ba inda tsoro ya kama ni kamar wurin nan.

Da safe na tura wa Hajiya saƙo cewa a cire ni daga adashe, ba zan iya zubi ba. Ba ta amsa ba. Bayan azahar sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya ce, da ciwon gwiwarta, ta hau bas biyu cikin ruwan sama, mayafinta sharkaf, riƙe da kula cike da shinkafa da wake irin tasu da yajin shito. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta sa aka kawo faranti ta zuba wa yara da hannunta. Sai da suka ci suka hau sama ta zaro ambulan daga cikin jakar sallayarta ta tura mini ƙarƙashin gwiwa.

"Ɗaukar wannan wata tawa ce," in ji ta. "Kin ɗauka. Ni na koma gurbinki na ƙarshe. Zubinki kuma ina yi miki har ki tsaya da ƙafarki."

Na san abin da take tara kuɗin nan dominsa, Umara take son zuwa tun rasuwar mijinta. Na ce, "Hajiya, Umararki fa?" Ta ce, "Ka'aba ba ta tashi daga inda take, ɗiyata. Ke ce aka ba kwana 60." Na ba ta labarin dillali da maganar fili. Nan fa fuskarta ta canza. Ta sa na kira Abban yara daga barcinsa, ta ce masa, "Malam, kada ka kuskura. Kamfanin da ke sayar da takarda shi ne wanda za a soke wa lasisi gobe. Ku rasa fili, ku rasa biza, ku dawo kan wata wasiƙar." Daga baya lauya ta tabbatar mana da maganarta, ta ƙara da cewa tun ƙarshen Disambar 2024 doka ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci ko da kuɗin fitar da CoS ɗin, balle a sayar masa da ita.

Hajiya, Allah ya kai ki Ɗakinsa ba sau ɗaya ba. Allah ya sa ki sha Zamzam da ƙafafunki lafiyayyu. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa ku a Aljannar Firdausi. Yadda kika rufa mana asiri, Allah ya rufa naki duniya da lahira, ya raya miki zuri'a, ya sa su yi miki fiye da abin da kika yi mana.

Sauran kuma ba ƙanana ba ne. Malam limamin masallacinmu, wanda ya sa aka yi ta yi mana addu'a ba tare da ya faɗi ko su wane ne ba, ya kuma haɗa mu da lauyar wata ƙungiyar agaji da ba ta karɓi ko fam ɗaya ba. Ita ta fahimtar da ni cewa muddin aka shigar da sabuwar buƙata kafin wa'adi ya cika, izinin zama na nan har a yanke hukunci, ta kuma kwantar mini da hankali kan yara: dokar 11 ga Maris 2024 da ta hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali ba ta hau kanmu ba, tunda mun riga ta shigowa. Wakilin ƙungiyar ƙwadago ta UNISON, Bature mai yawan shan shayi, da ya zauna da ni muka bi takardun albashina ɗaya bayan ɗaya muka fitar da abin da tsohon kamfani ya riƙe mini; maganar tana gaban ACAS yanzu, hukumar sasanta ma'aikata da masu ba su aiki. Ma'aikatan shirin da ƙananan hukumomin yankinmu suka kafa don haɗa irinmu da masu neman ma'aikata. Abokiyar aikina 'yar Filifin, Kirista, wadda ta ji labarin gurbi a wani gidan tsofaffi mai rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen jinya a Ingila, ta bugo mini tun kafin ta cire kayan aiki. Da 'yar wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da na yi jinya, wadda ta rubuta wa wannan gidan, sabon wurin aikina, wasiƙa da hannunta cewa mahaifiyarta ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni. Manajar gidan ta nuna mini wasiƙar ranar ganawa. Allah ya saka wa kowannensu da mafificin alheri, ya shiryar da zukatanmu baki ɗaya.

Abban yara, ba a saba yabon miji a bainar jama'a ba, amma ka yi tsayuwar dare a sito ka dawo ka yi ta a kan sallaya, ko sau ɗaya ba ka ce ni na kawo mu nan ba. Allah ya bar mu tare. Umma da Baba, azuminku da saukar Alƙur'anin da kuka sa aka yi sun iso. Yaya Babba, kuɗin da ka turo na san daga jarin shago ka cire, kuma na san abin da naira ke zama idan an mayar da ita fam. Ba yawansu na duba ba.

Akwai kuma waɗanda a shekarun baya wayata ba ta hutawa da saƙonsu: a samo wa wane CoS, a taimaka da kuɗin makaranta, a turo na Sallah. Tun da labari ya bazu, ko "ya ake ciki" ban gani ba. Na ɗauka ko wayoyin ne suka lalace, sai ga shi jiya da daddare biyu daga ciki sun gyaru. Ba komai, jini ba ya zama ruwa, na yafe. Amma tunda tambayar da ke tafe na san ta, bari in amsa tun yanzu: daga 22 ga Yulin 2025 Birtaniya ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Waɗanda ke ciki ne kawai aka bar wa damar sabuntawa ko sauya wurin aiki. Duk wanda ya ce zai kawo ku ta wannan hanya, kuɗinku yake so. Nas mai takardu har yanzu tana da hanyarta ta NMC, hukumar rajistar nas-nas da ungozoma ta Birtaniya, da jarrabawar Turanci da ta kwamfuta (CBT) da ta gwajin aiki a aikace (OSCE), kuma da kanta za ta nema, don Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu.

Ni ma OSCE ɗin ce ta rage mini in koma cikakkiyar nas kamar yadda nake a gida, sabon wurin kuma sun yi alkawarin ba ni ranakun karatu. A sa ni a addu'a. Ranar Litinin zan fara, aikin dare ne, don haka wayar za ta ƙara yin shiru. Masu bina bashi, na rubuta kowa a littafi, daga albashin farko zan fara, Hajiya ce a gaba ko ta ƙi ko ta so.

Har yanzu akwai abokan aikina da kwanakinsu ke tafiya, cikinsu da wata 'yar Zimbabuwe mai goyo da wani ɗan'uwanmu daga Zariya. Allah ya yaye musu kamar yadda ya yaye mana, ya buɗa musu ta inda ba su zata ba, amin ya Hayyu ya Ƙayyum. Wanda ya san gidan tsofaffi ko kamfanin jinya mai lasisi da ke neman ma'aikata a Manchester, Bolton ko Oldham, ya turo mini saƙo ta akwati, ko da tsakar dare ne zan gani a lokacin hutu.

Wassalamu alaikum.