Ganawar neman aiki a sashen gashin ƙashi

Talata, da dare.

Tun da na gama kwas ɗin mataimakin likitan gashi nake raba takardu: asibitoci, ƙananan cibiyoyin fisiyo (wato gashin ƙashi), gidan kula da tsofaffi, har da wata ƙungiyar 'yan ƙwallo. Galibi shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Waɗanda suka amsa kuma sai su ce mai gogewar shekaru suke nema, alhali sabon hannu ba shi da inda zai samo shekarun in kowa ya rufe masa ƙofa. Abin da ya taimake ni shi ne aikin sa-kai da na yi a wani sashen gashi. Likitan da na zauna a ƙarƙashinsa ya rubuta mini takardar shaida, kuma ita aka fi tsayawa a kai a ganawar yau.

Shugabar sashen da na je neman aikin ba ta ja zance ba. Ta duba takarduna ta ajiye, ta kira wani ma'aikacinsu ta ce ya hau gado. "Malam, ga majinyacinka. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mayar mini da shi kan keken marasa lafiya."

Na wanke hannu, na gaishe shi, na faɗa masa abin da za mu yi. Na kawo keken ta damansa, wato ɓangaren da ke da ƙarfi, na danne birki, na ɗage matakan ƙafa. Na juya shi gefe, na zaunar da shi a bakin gado, na ɗan dakata ina tambayarsa ko yana jin jiri, domin wanda ya daɗe a kwance jininsa kan sauka idan ya tashi farat ɗaya. Na ɗaura masa bel a ƙugu, na tokare gwiwarsa ta hagu da tawa. Ina shirin ƙirga uku sai ta ce, "Ɗago shi ta hammata mana, ya fi sauri."

"Ranki ya daɗe, ba zan ja wannan hannun ba," na ce.

Ta tambayi dalili. Na ce naman da ke riƙe da kafaɗar ya saki, in aka ja hannun ƙashin na iya gocewa daga mazauninsa. Na ga mutumin da aka yi wa haka a gida, 'ya'yansa ne da kyakkyawar niyya. Ya yi watanni yana fama da ciwon kafaɗa, har ya ƙi yarda a taɓa hannun, motsa jikin da zai taimake shi ya tsaya cak. Ta gyaɗa kai kawai ta ce in ci gaba. Na lanƙwasa gwiwoyina, bayana a miƙe, muka juya tare ya zauna.

Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa a gurguje. Ƙunshin zafi, wato jakar da ake ɗumamawa a ruwan zafi a ɗora wa majinyaci? Ruwan tukunyarsa yana kai digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Salshiyos, don haka sai an naɗe shi da tawul ninki 6 zuwa 8, a bar shi minti 15 zuwa 20, a duba fata bayan minti 5. Ba a sa shi inda mutum ba ya ji, kamar ƙafar mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka taɓu, domin zai ƙone bai sani ba. Na'urar lantarki mai rage raɗaɗi? Ba a sa wa mai batirin zuciya, wato wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Sanda? A hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa. Matakala? Lafiyayyar ce gaba wajen hawa, mai ciwon ce gaba wajen sauka.

Tambayar da na fi jin nauyinta ta zo a ƙarshe. Likita ba ya kusa, majinyaci ya ce motsin da aka rubuta masa ya yi masa sauƙi, in ƙara masa nauyi. Me zan yi? Na ce zan yi masa abin da ke cikin kati, in rubuta abin da ya faɗa, in kai wa likita. In kuwa sabon ciwo ya ji, ko numfashinsa ya sauya, mu tsaya nan take in kira. Wannan amsar har zuciyata take. Mataimaki ba ya auna majinyaci, ba ya tsara magani, ba ya sauya shi. Kwanakin baya wani ya yi mini tayin in riƙa bi gida-gida ina yi wa marasa lafiya gashi ni kaɗai, babu likitan da ya duba su. Ina bukatar kuɗin sosai, amma na ƙi. Ƙafar da ta kumbura ta yi zafi na iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, wanda bai sani ba ya hau matsa ta, gudan ya wuce huhu.

Bayan an gama ta zagaya da ni ɗakin motsa jiki. Wani dattijo yana tsakanin ƙarafa biyun nan na koyon tafiya, mataimakiyar na bayansa, hannunta a kan bel. "Baba, ɗaga ƙafar, kada ka ja ta. Yawwa, Baba, saura ɗaya." Gumi ya jiƙa masa wuya, yatsunsa sun damƙe ƙarfen har suna rawa. Da ya kai ƙarshe bai ce komai ba, ya juya da kansa yana neman a sake. Na tsaya ina kallo har sai da shugabar ta kira sunana.

Ba ta ɓoye mini komai ba: rabin aikin sauya zannuwan gado ne, goge na'urori bayan kowane majinyaci, turo keke, cike kati, ga tsayuwa tun safe. Na ce na sani, kuma ina so.

Ta ce za su kira kafin ƙarshen mako. Kafin nan in kawo katin rigakafin ciwon hanta nau'in B da shaidar horon agajin gaggawa. Katin yana hannuna. Shaidar ce sai na je na karɓo gobe da safe, daga can in biya cibiyar yara masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hana motsi, na ji suna neman mataimaki, in ajiye musu takarduna su ma.