Ga wanda zai gaji teburina a ɗakin zane

Ƙarshen watan nan zan bar ofis, kuma ƙannenmu masu bautar ƙasa da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki sun matsa mini in rubuta musu abubuwan da nake yawan faɗa a kan AutoCAD, manhajar da muke zanen gini da ita, kafin in tafi. Yawancin abin da suke nema za su same shi a YouTube. Wanda ba za su samu a can ba shi ne maganar gidan Alhajin nan na bayan gari, wadda kowa a ofis ya ji rabinta, rabin da aka ji kuwa ba shi ne gaskiya ba. Na yi shiru a kanta tun lokacin, yanzu zan faɗe ta yadda take, domin a cikinta ne mafi girman abin da na koya a wannan sana'a yake.

Fili ne irin wanda muka saba, mita 15 a faɗi, 30 a tsawo. Muka bar mita ɗaya da rabi kowane gefe tsakanin gini da katanga, ginin ya tsaya a milimita 12000. A layin gaba akwai ɗaki 3600, falo 4050 a tsakiya, wani ɗakin 3600, bangon waje biyu na bulo mai inci tara, 225 kowanne, da bangon ciki biyu na mai inci shida, 150 kowanne. Duk wanda ya haɗa lissafin zai samu 12000 cif. Haka na gama shi, na fitar da PDF, na tura wa Oga ranar Alhamis da yamma.

A ƙarshen makon ne Alhaji ya same shi a gida, ya ce ɗakunan iyali sun yi ƙanƙanta, gado da sif ba za su zauna ba. Oga ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa, ya danna lambar 3600 sau biyu, ya goge ta, ya rubuta 4200. Ya yi wa ɗaya ɗakin haka. Bai matsar da bango ko ɗaya ba, bai taɓa 12000 da ke layin waje ba. Ya buga takarda, ya sa hatimi, aka miƙa wa magini.

Ba na ganin laifin maginin ko kaɗan. A kusurwar kowace takarda da ke fita daga ofishinmu mun rubuta cewa kada a auna zane da rula, a bi lambobin da aka rubuta. Shi kuwa ya bi. Ya kafa fegi daga hagu, ya ja igiya, ya auna 4200, ya auna falo, ya sake auna 4200. Aka haƙa rami, aka zuba kankare, aka jera bulo har ya fito saman ƙasa, sannan aka lura cewa tsakanin bangon dama da katangar maƙwabci bai wuce 300 ba. Ginin ya ci 1200 da babu shi a fili. Tagar ɗakin nan da ta buɗe a jikin katanga, ko bututun ruwa ba zai sami hanya ba. Layin bango uku aka fasa, aka sake haƙa, siminti da bulo da kuɗin leburori suka tafi a banza.

Ranar da Alhaji ya zo ofis ransa a ɓace, a gabana Oga ya ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri. Yaran nan sai ana bin bayansu." Ina zaune a teburina, ɗalibai biyu da nake koya wa aiki suna kallona. Da Alhaji ya fita na bi Oga ofishinsa da wayata a hannu, na ce, "Yallaɓai, ga abin da na turo maka ranar Alhamis, 3600 ne a jiki." Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce, "Malam, yanzu ba lokacin tone-tone ba ne. Mutum ya yi asara, dole wani ya ɗauka." Aka yanke mini wani abu daga albashi, kuma har yau ba a mayar ba. Kuɗin bai dame ni kamar kalmar "yaran nan" ba. Hatimin da ke kan takardar nasa ne, shi ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, ta yi wa rajista, kuma ma'anar hatimin ke nan: wanda ya buga shi ya ce ya duba, ya ɗauki nauyi. Sunan mai zane harafi biyu ne a ƙasan takarda, ba a tuna shi sai ranar da ake neman wanda za a ɗora wa.

Da daddare na buɗe fayil ɗin da aka buga, na zaɓi lambar, na danna Ctrl da 1. A akwatin bayanai, wajen Measurement an rubuta 3600, wajen Text override an rubuta 4200. AutoCAD bai ɓoye komai ba, yana riƙe da duka biyun, amma na biyun kaɗai yake nunawa a allo da takarda. Wannan shi ne abin da nake so kowane ƙanena ya gane tun yau. Lambar da ke kan layin awo rubutu ce, duk mai linzami a hannu zai iya canza ta, kuma a ido babu bambanci tsakanin wadda manhaja ta auna da wadda mutum ya rubuta da hannunsa.

Tun daga ranar babu zanen da ke fita daga hannuna, ko wanda ya dawo mini daga hannun wani, sai na rubuta DIMREASSOC na zaɓi komai. Umarni ne na Express Tools, wato ƙarin kayan aikin da ke zuwa da cikakken AutoCAD, yana nuna maka duk lambobin da aka rubuta da hannu, kana danna Enter ya mayar da su awonsu na gaskiya. Masu amfani da AutoCAD LT, ƙaramin nau'in manhajar, ba su da Express Tools, su sai su bi ta akwatin bayanai su goge abin da ke Text override, ko su sa alamar <> a wurin, wadda ke nufin a nuna awon ainihi. In kana son ƙara kalma a gefen lamba, rubuta ta bayan <>, kada ka goge alamar. In mai gida ya ce a faɗaɗa ɗaki, STRETCH ake yi, a jawo akwatin zaɓi daga dama zuwa hagu ya kama bango da ƙafar layin awo, sai lamba ta canza da kanta. A nan take za ka ga falo ya matse ko gini ya tsallake iyaka, sai ka koma wa mai gida ka gaya masa gaskiya kafin a sayi buhun siminti ɗaya. Ka tabbata DIMASSOC yana kan 2, don layukan awo su kasance manne da abin da suke aunawa. Sannan ka ɗauki kalkuleta ka haɗa ƙananan lambobi ka gwada su da babbar ta waje, tsaye da kwance. Minti biyu ne, kuma da an yi shi a takardar Alhaji da 13200 ta fito fili a gaban 12000.

Shi ya sa nake ganin girman Revit, wata manhajar zanen gini, a wannan wuri. In ka yi ƙoƙarin maye gurbin awo da wata lamba zalla, ƙi yake yi, sai ka matsar da bangon. Na sha jin manya suna ƙorafin cewa yana da taurin kai. A ganina wannan taurin kan yana kare ƙaramin ma'aikaci fiye da kowa.

Ɗaya abin da lamarin ya koya mini bai shafi umarni ba. Duk abin da ka gama, ka fitar da PDF mai kwanan wata a sunansa, ka tura ta imel ko WhatsApp inda lokaci zai nuna, ka ajiye kwafin DWG, wato ainihin fayil ɗin AutoCAD, na wannan ranar a wurin da kai kaɗai ke taɓawa. Teburin gyare-gyare da ke gefen takarda ba ado ba ne, ka cika shi: me aka canza, yaushe, wa ya ce. In an ba ka umarni da baki, ka rubuta saƙo cikin ladabi, "Yallaɓai, kamar yadda ka ce, na mayar da kicin gabas." Shaidata ba ta dawo mini da kuɗina ba, amma injiniyan da muke aiki da shi ya gan ta, ɗaliban nan biyu ma sun gan ta, kuma ta hanyar wannan injiniyan na sami aikin da zan koma.

Sauran abubuwan ba su kai wannan ciwo ba, amma suna cin lokaci. Safiyo da mita yake aiki, mu da milimita, don haka in ka jawo zanensa ka ga fili ya zama ɗan ɗigo, ninki 1000 ne ya shiga tsakani. Duba INSUNITS a fayilolin biyu: 4 milimita ne, 6 mita, 1 inci. Kujeru da motocin da ake saukewa daga shafukan Amurka da inci aka zana yawancinsu, sai ka ninka da 25.4. Akwai kuma wata matsalar da ta fi ɓoyuwa. Lambobin safiyo na UTM ne, tsarin da ke nuna matsayin fili a taswirar duniya, kuma a Kano ko Kaduna lambar arewa ta haura mita miliyan ɗaya. In ka mayar da ita milimita ka zana gida a can, za ka ga ƙyallen cika fili yana wargajewa, layuka suna ƙin haɗuwa a kusurwa, domin ka yi nisa ƙwarai da 0,0, wurin da manhaja ke fara ƙirga awo. Ka bar fayil ɗin safiyo yadda ya zo, ka zana gininka kusa da 0,0, ka haɗa su ta XREF, wato nuna wani fayil a cikin naka ba tare da cuɗa su ba, a takardar fili kaɗai.

Maganar wuta kuwa kun san ofishinmu, tsakanin ɗaukewar NEPA da tashin janareta kwamfutar tebur ta riga ta mutu. AutoCAD yana ajiye wa kansa kwafi duk minti 10, ni na mayar da SAVETIME 5. Amma wannan kwafin, mai ƙarewa da sv$, a foldar wucin gadi yake zama, kuma in ka rufe zane lafiya goge shi ake yi, don haka bai maye gurbin Ctrl da S ba. In wuta ta yanke maka aiki, rubuta DRAWINGRECOVERY kafin ka yi komai. In fayil ya ƙi buɗewa, gwada RECOVER, in ya ƙi, nemi mai ƙarewa da bak a gefensa ka canza ƙarshen sunan zuwa dwg, shi ne ajiyarka ta kafin ta ƙarshe.

Kada ka kai DWG shagon buga takarda. PDF za ka kai, ka tsaya a kansu su buga shi a girmansa na ainihi, domin da yawa suna barin manhaja ta matse shi ya shiga takarda. Zanen A1 da aka yi a 1:100 in ya sauka a A3 ya koma kusan 1:200, alhali rubutun ƙasa yana nan yana cewa 1:100. Filashar da ta shiga kwamfutar shago kuma ka duba ta, in ka ga wani acaddoc.lsp da ba kai ka sa ba a foldar zane, goge shi kafin ka buɗe komai, ta nan cutar kwamfuta ke yaɗuwa daga ofis zuwa ofis.

In za ka tura wa injiniya aiki, yi ETRANSMIT, zai tattara XREF da hotuna da haruffa da fayil ɗin kaurin layi a ƙunshi ɗaya. Tun daga AutoCAD 2018 tsarin DWG ya canza, mai tsohuwar manhaja ba zai iya buɗe sabon ba, sai ka ajiye masa a tsarin 2013 ko 2010, ko ya sauke DWG TrueView, kyauta ne, yana juyawa. Revit ba ya ajiyewa a tsohon tsari sam, don haka ku yarda a kan Revit na shekara ɗaya da duk wanda zai taɓa aikin tun ranar farko. Abin da aka zana a leyar Defpoints, ɗaya daga cikin shimfiɗun da ake rarraba zane a kansu, ba ya fita a takarda. Tagar kallo ta shafin bugawa, kana saita ma'auninta ka kulle ta. Fayil in ya yi nauyi, PURGE, sannan AUDIT, sannan OVERKILL. Layuka biyu in sun ƙi haɗuwa alhali a ido suna taɓa juna, ɗaya yana sama da ɗaya ne a tsayi, FLATTEN zai sauke su.

Samfurin zane da na gyara, mai leyoyi da salon awo da akwatin suna, yana cikin babbar kwamfuta a foldar da ke ɗauke da shekarar bana. A salon awon na sa launin lambobi ya bi leya, na kuma ware leya guda ja don duk rubutun da dole sai an sa shi da hannu, yadda zai fito daban a allo. Oga ya taɓa cewa in cire ta, tana ɓata masa ido. Ban cire ba, kuma ina roƙon wanda zai zauna a wurina kada ya cire.