Inda Muka Kwana a Aikin Rage Ƙiba: Awon Mai da Suga Kafin a Taɓa Tuwo

'Yan'uwa masu koyon wannan aiki tare da mu a nan Jos, zangon awon jiki ya kammala, yanzu mun shiga kicin. Ga wanda bai riski na baya ba, kayan aikin guda huɗu ne: sikelin hawa, tef ɗin tela, ƙaramin sikelin kicin mai nuna gram, da littafin rubutu. Ana hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, bayan an zaga bayan gida, kafin a karya, kuma a kan daɓen siminti ko tayil. In aka ɗora shi a kan kafet ƙarya zai yi.

Lissafin BMI, wato ma'aunin da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsawonsa, ba wuya. A raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 zai ninka 1.70 sau 1.70 ya sami 2.89, ya raba 90 da shi, ya sami 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba sosai. Sai dai tef ya fi faɗin gaskiya game da tumbi, wanda shi ne ke tafiya da ciwon suga da hawan jini. A zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wajen saitin cibiya, bayan an saki numfashi, ban da tsuke ciki. Namiji ya haura santimita 102, ko mace ta haura 88, haɗarin ya yi yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum.

Yawancin masu farawa tuwo suke fara kai wa hari, su yini da yunwa, dare ya yi su rama da burodi da shayi. A ganinmu wannan bahaguwar hanya ce. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki. Gram ɗaya na sitaci ko suga kalori 4 ne, gram ɗaya na mai kuwa 9 ne, kuma man gyaɗa da manja da man zaitun duk kusan ɗaya suke a wannan lissafi. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Ga tukunyar miyar dage-dage ta mutum shida: in aka tuttula mata rubu'in lita na mai, wato mililita 250, an zuba kalori kusan 2,000 ke nan tun kafin nama ya shiga, kowa ya tashi da wajen 340. A mayar da man cokali shida, ɗaya ga kowane mutum, sai rabon kowa ya koma 120. An rage 220 ba tare da an taɓa malmala ba.

Matsalar da ake cin karo da ita a nan ita ce miya ta yi tsami ko ta kama ƙasan tukunya. Dalili shi ne an saba barin mai ya yi aikin ƙone ruwan tumatir. Gyaran shi ne a tafasa markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu shi kaɗai, tukunya a buɗe, har ruwan ya tsotse ya yi kauri ya soma barin gefen tukunya. Sannan a soya albasa a cikin man da aka auna, a wuta kaɗan, a juye markaɗen, a riƙa juyawa kamar minti goma. In ta nemi kamawa a yayyafa romon nama, kada a ƙara mai. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi kuwa da ma ba mai ne ke riƙe su ba, daddawa da kifi busasshe sun wadatar. Kuma a daina zuba mai daga bakin galan. A ware kwalba ɗaya ta mako, a manna mata tef a ja layi, kowa a gida ya ga inda aka kwana.

Sai abin sha, wanda shi ne ɓarawon da ba a jin shigowarsa, don ba ya ƙosarwa. Kwalbar lemo ta santilita 50, wato mililita 500, tana ɗauke da suga kusan gram 50, wajen kalori 200 ke nan. A duba takardar jikin kwalbar, ana rubuta adadin kowace mililita 100, sai a ninka sau biyar. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake ci a yini, kimanin gram 50 ga mai cin kalori 2,000, in ma da hali a tsaya a gram 25. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini ke nan. Zoɓo da kunun aya da fura ta kanti ba su tsira ba don kawai sunansu na gida ne, sugan da aka zuba shi ne abin tambaya. Zuma ma suga ce a wannan lissafi, ko da ranku bai so jin haka ba.

Sanyin Jos na sa a sha shayi safe da yamma, musamman lokacin hunturu. Ƙwayar suga ta kwali wajen gram 5 ce. Mai jefa huɗu a kofi sau biyu a rana ya sha gram 40, kalori 160. Kada a yanke gaba ɗaya a rana guda, ba ya ɗorewa. A cire ƙwaya ɗaya duk mako har a tsaya a ɗaya, a ƙara citta da kanumfari su rufe gurbin. Ku haɗa lissafin: 220 daga miya, 200 daga lemo, 120 daga shayi. An haura kalori 500 a rana, wanda shi ne gibin da ke sauke kamar rabin kilo a mako a farkon tafiya.

Bayan nan ne ake zuwa kan faranti. Rabinsa ganye, rubu'i wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, rubu'i tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci. Dafaffiyar shinkafa gram 100 kalori 130 ce, ku ɗora abin da kuka saba zubawa a sikeli sau ɗaya ku gani da idonku. Ganye dai ba mu da uzuri, kabeji da karas da koren wake da kokwamba ga su nan a Farin Gada. Sai dai kwaɗon da aka cika wa ƙuli-ƙuli da mai, ko salak ɗin da aka lulluɓe da bama, ya tashi daga sahun ganye. Gyaɗa gram 100 ta haura kalori 550.

Abu biyu na Filato na bukatar gyaran fahimta. Acca abinci ce mai kyau, amma ɗanyarta ba ta da nisa da ɗanyar shinkafa a kalori, don haka malmala uku ta tuwon acca malmala uku ce. Inda take taimakawa shi ne a gwate, saboda ruwa da alayyafo da yakuwa da gauta ne ke cika kwano, ƙwayar kaɗan ce, muddin ba a malala masa manja ba. Dankalin turawa kuma an ɗora masa laifin da ba nasa ba: dafaffe gram 100 bai kai kalori 90 ba, soyayye kuwa ya kai wajen 300.

A makon farko sikeli kan faɗi da kilo ɗaya ko biyu, mutum ya yi ta murna. Yawanci ruwa ne, domin sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. Haka kuma cin abinci mai gishiri da dunƙule da yawa, ko gabatowar al'ada ga mata, kan mayar da kilo guda cikin dare, ba kuma kitse ba ne. Tsayawar raguwar nauyi ta gaske tana zuwa bayan wasu watanni, saboda jikin da ya ragu bukatarsa ta ragu, hannu kuma ya soma sakewa wajen awo. A koma sikelin kicin na mako guda kafin a zargi jiki. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ma yana gyara suga da hawan jini, wato kilo 4.5 zuwa 9 ga mai kilo 90.

Ba kowace ƙiba ce daga faranti kaɗai ba. Akwai gado, akwai ƙarancin barci, akwai raunin aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, akwai magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha da gangan da sunan sha-ka-fashe. Wanda nauyinsa ya hau da sauri ba tare da cinsa ya canza ba, ko fuska ta kumbura, asibiti ya kamata ya nufa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa, da yawansa filasko ne ko mai sa fitsari, ruwa yake fitarwa, kitse na nan daram. Mai ciki kada ta shiga wannan tsari, kuma mai allurar insulin ko mai shan maganin suga na glibenclamide ya ga likitansa kafin ya rage ci, don suga na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Zango na gaba tafiyar ƙafa ce: minti 150 zuwa 300 a mako, da saurin da za a iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga, sai motsa tsoka kwana biyu. Rabin awa na irin wannan tafiya kan ƙone wajen kalori 150 ga mai kilo 80, bai kai kwalbar lemo ɗaya ba, shi ya sa muka fara da kicin. Kafin lokacin kowa ya rubuta man da gidansa ya ci a mako, ƙwayoyin sugan shayinsa, da awon ƙugunsa.